Jar Fitila a Bikin Lili

Bari in tona wa kaina asiri kafin Anti Rifkatu ta tona mini, don na san ba za ku yi sati biyu a wurin nan ba ta ba ku labarin ba, ita kuwa in ta ba da labari sai ta ƙara masa gishiri da barkono. Wauta na tafka, irin ta tsoho mai furfura wanda aka miƙa wa abu aka ce duba, ya ce ai ya sani. Ko zan manta sunan ƙauyenmu, ba zan taɓa mantawa da ranar ba: wata Asabar ce cikin watan Yuni, shekara uku ke nan, a gonar wasu masu dawaki can Summerfield, wani ƙaramin gari a nan ƙasar Turawa.

Sunana Bitrus, a nan Baba Bitrus ake ce mini. Karatuna aji huɗu ne na firamare, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi, saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri. Domin ku na rubuta, ku 'yan jami'a da kuke zuwa mana aikin ƙarshen mako, kuna ganin shiga kayan katun wasa ne.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kamfaninmu hayar kayan bikin yara yake bayarwa: rumfa, kujeru, gidan tsalle na iska, injin gugguru, da kayan katun waɗanda mutum yake shiga ciki ya zama abin da yara suke kallo a talabijin. Sitonmu yana unguwar East Greensboro. Madam ce mai kamfani. Ƙarƙashinta kowane biki yana da shugabar tawaga, ita take magana da masu gida, ita kuma take jan mai kaya, domin wanda yake ciki ba ya gani sai ta wata 'yar raga a bakin dodon. Sai mai shiga kaya. Can ƙasa kuma sai mu 'yan ɗauko-sauke, masu tuƙa mota da kafa rumfa. A lokacin shekara tara na yi a wannan matsayi, ba a taɓa ƙara mini girma ba, kuma ban ga laifin kowa ba.

Dokokin shiga kaya manne suke a bangon sito. Ba ka magana, ko tari. Ba ka gudu. Ba ka bin yaro, shi zai zo wurinka, in ya zo ka durƙusa. Ba ka cire kan kayan a gaban yara ko da sama za ta faɗo. Minti ashirin a ciki, sai a fitar da kai ka sha ruwa, don cikin kayan nan tanderu ne, duk da 'yar fanka mai batir da take kaɗa maka iska a ka. Zif ɗin a baya yake, hannuwan kuma dunƙulallu ne, ba ka iya fita sai an fitar da kai. Duk na san waɗannan, kullum ina wuce su a bango.

Ranar Alhamis ɗalibin da yake shiga mana kayan ya gurɗe a wurin ƙwallo. Madam ta jera mu ta auna da ido, ni kaɗai tsawona ya yi daidai. Kayan na wata halitta ce mai ƙoƙon baya kamar kunkuru da fitila a goshi. Sunanta na Turanci ba ya zama a bakina, Mai-Fitila nake ce masa. A tafin hannun dama akwai maɓalli, in ka danna fitilar ta canza: ruwan ɗorawa, shuɗi, ja. A na hagu akwai wani, in ka danna sai kayan su yi wani ɗan gunji mai taushi kamar kukan kurciya.

Madam ta ce ta tura mini katun ɗin a waya, kashi uku, kowanne bai wuce kwatan awa ba, in kalla kafin Asabar. Na ce mata to. Muna fita na ce wa Anti Rifkatu, wadda cocinmu ɗaya kuma ita ce shugabar tawagar ranar:

“Ni za a koya wa Mai-Fitila? Na san shi tun ba a haifi Madam ba.”

Ta ce, “Baba Bitrus, ka dai kalla. Ba wanda ka sani ba ne.”

Na ce, “Anti, kare ko an sa masa riga kare ne.”

Ta ce, “To ga shi kuwa za a sa maka ranar Asabar.”

Gaskiya ne na san shi, amma ga yadda na san shi. Ina saurayi ina lodi a tashar Kafanchan, aka kawo wani fim gidan kallo, na kaset. Mutane sun tafi haƙar ma'adinai a wata duniya can cikin taurari, suka tono wannan halitta. Fitilar goshinta tana yin ja, to wani ya tafi lahira. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sau huɗu na biya na kalla, ba na jin Turancin, amma ja ba ya bukatar tafinta. Abin da ban sani ba shi ne, bayan shekaru masu fim ɗin sun ɗauki dodon nan sun wanke shi tas, sun cire masa haƙora, sun mai da shi katun na yara. A katun ɗin wani ɗan ƙarami ne daga zuriyar, mai kunya, yana haska wa yara hanya in sun ɓata. Iyaye sun san mai cin mutane, 'ya'yansu sun san aboki. Ni kuwa na tsaya a wurin iyaye, wayata tana aljihu da katun uku ban buɗe ko ɗaya ba.

Akwai kuma wani abu, wannan kada Fasto ya ji. A ƙauyenmu, kafin in zama mai bi, na taɓa shiga kayan dodo lokacin bikin kaka. Dodo a wurinmu ba ya durƙusa wa yaro. Ruri yake yi, ya buga ƙafa, ya bi yara da tsumagiya har su shige ɗakin uwarsu, manya suna dariya. Wannan ne kaɗai ilimin shiga kaya da nake da shi a duniya.

Ranar Asabar muka isa da hantsi. Gida ne babba, fili har ido ya gaji, ga bargar dawaki a dama, ga wata hanyar tsakuwa da ta gangara zuwa wani tafki a bayan shinge. Muka kafa rumfa da gidan tsalle. Mai bikin sunanta Lili, ranar ta cika shekara shida. Uwarta ta ja Anti gefe ta yi mata bayani, Anti kuma ta maimaita mini a bayan mota tana ja mini zif.

“Ka ji da kyau. Yarinyar ba ta son ƙara, shi ya sa ba mu kawo balan-balan ba. In ta tsorata ɓuya take yi, kuma ko an kira sunanta ba ta amsawa, haka Allah ya yi ta. Wannan katun shi ne ranta. Ka kalla dai ko?”

Na ɗaga babban yatsa. Ban yi ƙarya da baki ba, ai doka ta hana magana.

Minti biyar na farko lafiya lau. Yara wajen ashirin suka kewaye ni. Lili ta zo a hankali, siririya, da hular sarauta ta takarda a kanta. Ba ta kalli kowa ba sai ni. Ta kama hannuna da hannu biyu, ta jingina kumatunta a kai. Ta cikin raga na hango uwarta ta rufe baki da hannu, daga baya na ji cewa yarinyar ba ta taɓa yi wa baƙo haka ba.

Can gefe kuwa iyaye maza suna wurin gasa nama, kowa da gwangwani a hannu. Sa'o'in juna ne, duk sun kalli fim ɗin suna samari. Wani mai jan gemu ya ɗaga murya ya ce in nuna musu ja. Sauran suka ɗauka, “Ja! Ja!” Ya tanƙwara yatsu kamar farata yana dariya. Ni kuma shekara tara ina kafa rumfa ba wanda ya taɓa tafa mini. Anti ta juya tana karɓar wa wani yaro kofi. Na danna maɓalli sau biyu.

Fitila ta yi ja, maza suka yi shewa, dodon ƙauyenmu ya farka a cikina. Na fizge hannuna daga na Lili. Na buɗe hannuwa, na buga ƙafa, na saki ruri tun daga cibiya, irin wanda ya taɓa sa wata tsohuwa ta yar da tulu a garinmu. Cikin kan nan kuwa murya kumbura take yi kamar a cikin randa. Na bi yara. Suka watse suna ihu, wasu da dariya wasu da kuka, ni duk ɗaya nake ji. Ƙoƙon bayana ya ture teburin lemo. Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba Anti ta cafko ni ta baya.

“Ka haukace ne? Baba Bitrus, ka haukace ne? Kashe wutar nan!”

Na kashe. Mazan suna ta dariya, mai jan gemu har da riƙe ciki. Iyaye mata suna tattara 'ya'yansu suna rarrashi. Sai na ji muryar uwar, ba da ƙarfi ba, tana tambaya ina Lili.

Ba wanda ya ga inda ta bi. Kowa ni yake kallo lokacin.

Anti ta tura ni bayan motarmu ta ce kada in motsa, ta ruga. A gigice take, ta manta ba ta buɗe mini zif ba. Na tsaya a nan cikin rana, ina jin ana kiran suna ta kowace kusurwa. Aka duba cikin gida, ƙarƙashin gadaje, cikin kabad. Aka duba barga, doki bayan doki, ana tsoron ko ta shiga ƙarƙashin ƙafafunsu. Aka buɗe motocin baƙi ɗaya bayan ɗaya, don a zafin Yuni yaro ba ya daɗewa a rufaffiyar mota. Dariya ta ɗauke ɗif. Aka kashe injin gidan tsalle, na ji iska tana fita daga cikinsa a hankali har ya kwanta.

Sai wata mata ta ƙwalla ƙara daga gangare. Na leƙa ta gefen mota. Ƙofar shingen tafki a buɗe take, hular takardar nan tana yawo a bakin ruwa.

Na ga uban ya sheƙa da gudu, ko takalmi bai cire ba ya faɗa tafkin, yana nutsewa yana tasowa, yana lalube da hannu cikin laka. Maza biyu suka bi shi, har da mai jan gemu. Uwar tana waya da masu kai ɗauki, tana faɗin shekarun yarinyar da launin rigarta, muryarta a daidaice, wata mata tana riƙe da ita.

Ba zan yi muku ƙarya ba, da farko kaina na tuna. Na tuna kotun da nake wucewa a cikin gari in na je tashar bas. Na tuna takarduna na zama a ƙasar nan, na tuna matata, da yadda za a ce a coci Baba Bitrus ya kashe 'yar mutane da wasan banza. Amma da na ga uban ya taso karo na biyar hannu wayam, duk wannan ya zube. Abu ɗaya ya rage mini a duniya: hannuwan nan biyu da suka riƙe nawa na fizge. Na ce, ya Ubangiji, ka ɗaure ni shekara ɗari, amma kada a fito da yarinyar nan daga ruwa.

Motocin 'yan sandan gunduma biyu suka shigo da jiniya, motar kashe gobara tana biye, an ɗoro ɗan kwalekwale. Wajen minti arba'in ke nan da ɓatanta, ni kuma na ninka ashirin ɗina har na wuce. Fanka ta fara tari, ta tsaya. Zufa ta cika mini takalman kayan, in na motsa sai in ji caɓal.

Wani ɗan sanda ƙato ya zagayo bayan mota ya same ni. Ya ce ni ne na bi yaran? Na gyaɗa kai. Ya ce in cire kan nan ya ga fuskata. Na nuna masa hannuwana, na juya masa baya. Ya kama zif ke nan Anti ta iso tana haki, uwar tana bayanta.

“Ofisa, dakata! Kada ka buɗe shi.”

Ta juya ga uwar tana magana da sauri. Anti tana da jikoki, ta haddace katun ɗin kamar waƙar coci. Ta ce in yarinyar ba ta cikin ruwa, to tana kusa tana jin mu, kuma duk wannan ihu da jiniya ƙara tura ta ciki suke yi. Ba za ta fito wa sunanta ba. Amma a katun ɗin, in Mai-Fitila ya rabu da abokansa zama yake yi a ƙasa, ya kunna shuɗi, ya yi gunji sau uku, duk inda abokiyarsa take sai ta zo. Lili ta kalli wannan ya fi sau ɗari.

Uban ya hauro daga tafki jiƙe sharkaf, laka har wuya. Da ya gan ni sai da ɗan sandan ya shiga tsakani. Ya ce a fitar masa da wannan abin daga gona kafin ya yi abin da zai yi nadama. Ban ga laifinsa ba, da ni ne da tuni na yi. Uwar ba ta ko kalle shi ba. Ta matso har fuskarta ta cika ragar da nake gani ta ciki, ta tambayi Anti, “Ya iya?”

Anti ta ce, “Bai taɓa kalla ba.”

Na so ƙasa ta tsage. Matar nan ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Wayarta ta ciro, ta lalubo wurin, ta manna a jikin raga. A tsaye a nan, 'yarta ba a san ko tana da rai ba, ta jira ni minti uku ina kallon abin da aka ba ni kwana biyu in kalla.

Na ga ɗan abin yana tafiya sanɗa-sanɗa, kai a sunkuye. Na ga tsawa ta faɗi, fitilarsa ta yi ja, ya dunƙule yana makyarkyata. Ashe a katun ɗin ja ba alamar kisa ba ce, ba ya kunna ta sai in tsoro ya kama shi. Na ga ya zauna, ya kunna shuɗi, ya yi gunji uku, yana tsayawa tsakaninsu kamar mai saurare. Sai wata yarinya ta fito daga cikin ciyawa ta ɗora hannu a goshinsa.

Ɗan sandan ya yi magana a rediyonsa. Aka kashe jiniya, aka shigar da yara gida, aka ce kowa ya tsaya inda yake ya yi shiru. Masu kwalekwale dai ba su fasa ba, suka ci gaba da sauke shi, amma ba magana. Ɗan sandan ya ce ya ba mu minti goma. Anti ta raɗa mini ta raga:

“Baba, in ka taɓa yin abu ɗaya daidai a rayuwarka, yau ne. A hankali. Ina bayanka taku goma.”

Na fara da ƙofar barga. Zama cikin kayan nan ba sauƙi, ƙoƙon baya yana jan ka, sai ka saki jiki ka faɗi a gindi. Na kunna shuɗi. Na danna hagu, na ƙirga biyar, na danna, na ƙirga, na danna. Doki ya yi firji a ciki. Ba kowa. Anti ta zo ta ɗaga ni ta koma. Na je wurin tarin ciyawar dawaki na sake. Ba kowa. Gonar nan mai mutum kusan hamsin ta yi tsit, ba ka jin komai sai gunjin nan da numfashina a cikin kai.

Na uku a bakin tafki na yi shi, kusa da inda hular take. Wannan ya fi kowanne. Ina danna maɓalli ina kallon ruwa, ina roƙon kada komai ya motsa a cikinsa. Masu kashe gobara suna tsaye da dogayen sanduna suna kallona, ƙaton kunkuru zaune a laka yana kuka kamar kurciya. Ba wanda ya yi murmushi.

Wuri na huɗu ba ni na zaɓa ba. Ina hawowa kan hanyar tsakuwa idona ya fara duhu, ƙafafuna suka ce sun gama, na zube. Hannuna ya danna sau ɗaya. Na tattara abin da ya rage na danna na biyu. Kafin na uku na ji wani ɗan motsi a ƙarƙashina, kamar ana jan buhu.

Ashe akwai kwalbati a ƙarƙashin hanyar, bututu ne da bai fi faɗin ganga ba, ciyawa ta rufe bakinsa. Mutane sun bi ta kansa da gudu sun fi sau ashirin suna kiran sunanta. Da baya ta fito, ƙafa tukuna, sannan riga, gwiwoyi duk laka. Ta miƙe ta tsaya tana kallona. Na sunkuyar da kai kamar yadda na gani a waya, na danna na uku. Ta tako ta ɗora hannu a kan fitilar.

Ban motsa ba. Uwar ta taho, ba da gudu ba, da rarrafe ta ƙarasa a kan tsakuwar nan, ta zauna kusa da mu har yarinyar ta jingina da ita. Can nesa na ji wani namiji ya fashe da kuka, ban san ko uban ne ko mai jan gemu ba. Uwar da Lili suka miƙe suka nufi gida, Lili tana waiwaye, ni kuma ina ɗaga mata hannu. Sai da ƙofa ta rufe Anti ta fizge zif. Abin da na sani bayan nan, ina kwance a motar asibiti an ɗora mini ƙanƙara a wuya da hammata, Anti tana tsaye a kaina tana share hawaye tana cewa, “Tsohon banza. Tsohon banza kawai. Ka tashi in kashe ka da hannuna.”

Ranar Litinin aka yi abin da ake yi. Duk abin da ya faru a wurin biki sai an rubuta rahoto: mai kaya ya rubuta nasa, shugabar tawaga ta rubuta nata, Madam ta haɗa ta aika wa kamfanin inshora. Ni na faɗa Anti ta rubuta, ban rage komai ba, har da babban yatsan da na ɗaga. Madam ta karanta sau biyu. Ta tambaye ni me ya sa ban kalla ba. Na ce na ɗauka na sani. Ta dakatar da ni sati uku, ta ce ba zan ƙara shiga kaya ba har abada, na ce ko an roƙe ni. 'Yan sanda ba su tuhume ni da komai ba. Ban san abin da uwar ta gaya musu ba, kuma ban ƙara ganin mutanen gidan ba.

Daga ranar aka ƙara doka a bango, ita ce kuke gunaguni a kanta: ba mai shiga kaya sai ya zauna a ofis ya kalli kashi uku a gaban shugabar tawaga. Na ji kuna ce mata dokar Baba Bitrus. Ba komai, wasu titi ake sa wa sunansu, ni abin da na samu ke nan. Yanzu ma ni nake kunna muku, ina zaune a baya ina kallo tare da ku, na san kowane ɗan kunkuru da ɗan mutum-mutumi da sunan uwarsa.

Abin da aikin nan ya koya mini kaɗan ne, amma da tsada na saya. Kayan da za ka shiga ba naka ba ne, ba ma na Madam ba ne, na yaron da ya riga ya san wanda yake ciki ne. Kai baƙo ne a jikin abokinsa. Masu fim suna da dodo iri biyu da suna ɗaya, ɗaya na iyaye ɗaya na 'ya'ya, a kowane biki kuwa za ka samu wani uba da gwangwani a hannu yana kiran nasa. Kada ka ba shi. Shi zai yi dariya ya koma wurin namansa. Kuma in shugabar tawaga ta ce ka kalla, ka kalla, ko da furfurarka ta kai gwiwa.

Abu ɗaya ne ban sa a rahoto ba, ko Anti sai yau za ta ji. Lokacin da yarinyar ta ɗora hannu a kan fitilar, kafin uwarta ta iso, ta matso da bakinta kusa da raga ta yi magana ƙasa-ƙasa. Turancina na kasuwa ne, amma wannan na ji shi tas. Ba ta yi fushi da ni ba ko kaɗan. Kusan awa guda tana cikin bututun nan, ashe abin da take tunani ke nan. Doka ta hana ni buɗe baki a lokacin, kuma shekara uku ke nan ba doka a kaina, ban samo abin da zan ce mata ba. Ta shafa goshin ta ce:

“Wa ya ba ka tsoro? Faɗa mini, ba zan bar shi ya ƙara ba.”